Neman shawara: tsohuwar GMC mai ɗaki tana kwana a karkace, bawul ɗin tsayi zan taɓa?

Mai tambaya, Greensboro, Amurka:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da war haka. Shawara nake nema wurin masu gyaran ƙafar manyan motoci, da duk wanda ya san harkar iska.

Wata tsohuwar mota na saya, irin mai ɗaki a ciki, da gado da kicin da banɗaki. GMC ce ƙirar 1975, mai tsawon ƙafa 26. Tayoyinta shida: biyu a gaba, su ke ja, sai huɗu a baya, bibbiyu a jere kowane gefe. Bayanta ba sifirin, balan-balan ne guda ɗaya a kwance tsakanin tayoyi biyun kowane gefe. Kowane gefe kuma da bawul ɗinsa mai kula da tsayi, yana da ɗan hannu da aka haɗa da ƙafar motar da siririn rodi. A gaban direba akwai abin murɗawa biyu, na hagu da na dama, an rubuta musu Raise, Hold, Travel, Lower, wato ɗagawa, riƙewa, tafiya, saukewa.

In na ajiye ta da yamma a miƙe, da safe sai in tarar bayan hagu ya zauna, taya ta kusa shigewa cikin jiki. In na tayar, kwamfireso mai hura wa balan iska ya yi ta bugu har ta tashi, amma ko ta tashi hagun ba ya kamo dama, da ido ma ana gani. A kan titi sitiyari ba ya zama wuri ɗaya, sai na yi ta kamo ta, kwamfireson kuma da ya tsaya sai ya sake kamawa.

Wani maƙwabcina ya ce in sassauta notin hannun bawul ɗin hagu in ɗaga shi, shi ke nan. Wani abokina ya ce in cire duka biyun in sa na tirela. Ban taɓa komai ba tukuna. So nake in ɗauki iyali mu yi tafiya da ita in an yi hutun makaranta, ba na son in sa yara a motar da hankalina bai kwanta da ita ba. Ta ina zan fara?

Bakaniken manyan motoci, Kano:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ban taɓa ganin wannan GMC ɗin ba, amma luksoriyas da tireloli masu balan su ne abincina, aikin kuma ɗaya ne.

Kafin komai, don Allah kada ka shiga ƙarƙashinta, kada ka zura kai ko kafaɗa tsakanin taya da jiki alhali iska ce kawai ke riƙe da ita. Da ka cire rodin nan ka danna hannun ƙasa, ko tiyo ya fita, motar zama take yi, ba ta jiran kowa. Ka sa mata ƙarafunan tokare a shasi, ka datse tayoyin gaba da katako. Jak kaɗai ba abin dogara ba ne.

Maganar maƙwabcinka kuwa, ka dakata da ita. Motar da ke zama cikin dare iska take zubarwa, saitin hannu ba ya toshe yoyo. In ka ɗaga hannun za ta tashi da rana, da safe ka same ta inda ka saba samun ta. Ka dama ruwan omo a gora, ka cika motar da iska, ka kashe inji don ka ji da kunnenka, sannan ka bi ka fesa: jikin balan ɗin duka, musamman inda roba ke naɗewa, bakin tiyo inda ya shiga balan, duk wani haɗi, da ramin da bawul ke fitar da iska. Babban yoyo kumfa yake tarawa nan take. Ƙarami kuwa sai ka tsaya ka zuba ido, za ka ga ƙananan ƙwayoyi fari suna taruwa a hankali. Shi ne mai kwantar da mota cikin dare.

Direban tirela, Ohio:

Alhaji, ni dai da ni ne ba zan ɓata lokaci ba. Bawul ɗin da yake aiki tun 1975 ya gama aikinsa. Na tirela suna nan a kowane shagon kayan manyan motoci, ba su da tsada, kuma amsawarsu nan take ce. Ka canja biyun ka huta. Amma maganar tokare da Oga ya yi gaskiya ce, ka riƙe ta.

Dattijo mai irin motar, Michigan:

Assalamu alaikum. Yaro, sannu da ƙoƙari, ka sayi mota mai kyau. A nan jiharmu aka ƙera su, a Pontiac, daga 1973 zuwa 1978, guda 12,921 aka yi gaba ɗaya. Taka tana da injin Oldsmobile 455 irin na motar Toronado mai jan gaba, shi ya sa tayar gaba ke ja. Tawa ma irin tsarin iskar taka gare ta, wanda suke kira Power Level. Na baya, masu Electro Level, tsarinsu ya bambanta, don haka in kana neman bayani ka tabbata na shekararka ne.

Waɗannan abin murɗawa biyu da ka ambata, su za su nuna maka inda ciwon yake, ba ka kwance ko noti ɗaya ba. In suna kan Travel, bawul ɗin tsayi ne ke mulki: mota ta yi ƙasa, hannun ya ɗaga, ya buɗe wa iska ta shiga balan, ta yi sama da yawa, hannun ya sauka, ya saki iska waje. In kuma suna kan Hold, an cire bawul ɗin tsayi daga cikin lissafi, an kulle iskar a balan. To ka cika ta yau da yamma, ka auna tsayin gefe biyu ka rubuta, ka bar ta a Hold ta kwana. In da safe hagu ya zauna, laifin ba na bawul ɗin tsayi ba ne: ko balan, ko tiyon da ya taho daga baya har gaban direba, ko shi kansa abin murɗawar, don robobin cikinsa suna bushewa da tsufa. In kuwa ta kwana a miƙe a Hold, washegari ka bar ta a Travel. Ta zauna? To yanzu ka kama mai laifi, yana wajen bawul ɗin da tiyoyinsa.

Game da shawarar ɗana na Ohio, ban ce ba a canjawa ba, ana canjawa. Amma a lura da abu ɗaya. Bawul ɗin asali yana da jinkiri da gangan. Akwai ɗan ɗaki a cikinsa mai ruwan silikon mai kauri, shi ke hana shi amsawa sai hannun ya daɗe wasu daƙiƙu a sama ko a ƙasa. Dalili kuwa, taya tana hawa tana sauka a kowane rami da tudu, in bawul zai biye wa kowane motsi, cikawa da zubarwa zai yi ta yi ba tsayawa. Tirelarka, inji ne ke juya kwamfiresonta, ga manyan tankuna, ba ta jin wannan asarar. Tamu kuwa ɗan ƙaramin kwamfireso ne mai aiki da batir, da ɗan tanki. Ka sa masa bawul mai shan iska da yawa, ka ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. In canji ya zama dole, a nemi wanda masu sayar da kayan wannan mota suka tanada dominta.

Direban tirela, Ohio:

Baba, na ji bayanin, kuma ban yi tunanin ƙanƙantar kwamfireson ba. Amma har yanzu ina ganin buɗe tsohon bawul wahala ce. In gwajin ya nuna shi ne, sabo ya fi kwanciyar hankali, tunda iyali zai ɗauka.

Mai tambaya:

Allah ya saka muku da alheri. Na yi yadda Baba ya ce. A Hold ta kwana a miƙe, ba ta motsa ba. A Travel kuwa hagu ya zauna. Na tokare ta, na fesa ruwan omo kamar yadda Oga ya ce. Balan ba kumfa, sai dai akwai 'yan tsage-tsage a jikin robar. Kumfar a ramin fitar iska na bawul ɗin hagu take, a hankali take tasowa, ko da motar tana tsaye daidai. Na kuma ga rodin hagu ya ɗan lanƙwashe, robar bakinsa ta cinye, in na taɓa shi da yatsa yana kaɗawa kafin hannun ya motsa. Na dama a miƙe yake, ba ya wasa.

Bakaniken manyan motoci, Kano:

Madalla, Alhaji, ka samo ciwo biyu, kowanne da alamarsa. Yoyon bakin fita shi ke kwantar da ita da dare, shi ke hana kwamfireso hutu. Rodin da ya lanƙwashe shi ke sa hagu ba ya kamo dama, don ƙarya yake faɗa wa bawul game da tsayin motar. Rodi da robarsa, canja su za ka yi, kada ka miƙe shi da guduma.

Bawul ɗin kuma ka gwada shi kafin ka yanke masa hukunci. Mota na kan tokare, tanki cike, ka cire rodin, ka ɗaga hannun sama ka riƙe. Bayan ɗan jinkirin da Baba ya faɗa za ka ji iska tana shiga. Ka dawo da shi tsakiya, ya yi shiru. Ka danna ƙasa ka riƙe, ta fita. A tsakiyar nan akwai ɗan fili da ba shiga ba fita. In babu wannan shirun, ko kuma ya amsa nan take ba jinkiri, ko ka ga maiƙo a jikinsa, ruwan cikinsa ya tsiyaye. Sau da yawa abin da ke hana bakin fita rufewa datti ne, tsatsa da ruwa daga tanki. Ka buɗe ƙasan tankin ka ga abin da zai fito. In ruwa ne ja mai tsatsa, ko sabon bawul ka sa haka zai kashe shi. Ku da ke ƙasar sanyi ma abin ya fi muni, ruwan daskarewa yake yi a cikin tiyo.

Dattijo mai irin motar, Michigan:

Haka ne. A cikinsa akwai 'yan ƙananan bawul irin na bakin taya, na shiga da na fita, da 'yar raga mai tace datti. Wanda hannunsa ya saba yana iya wankewa ya canja su. Amma in ruwan silikon ya zube, na koma bayan ɗana na Ohio, a sa wani.

Yanzu saiti, bayan an toshe yoyo an sa sabon rodi. Ka nemi shimfiɗaɗɗen siminti wanda ba gangare. Iskar tayoyi shida ta zama daidai, kaya a ciki kamar yadda za ka yi tafiya, abin murɗawa a Travel, tanki cike. Ba daga jikin mota ake awo ba, jiki yana iya karkacewa. A jikin shasi akwai rami mai ɗan tsawo, ɗaya bayan tayar gaba, ɗaya bayan tayoyin baya, kowane gefe. Daga ƙasa zuwa saman ramin ake aunawa. Littafin kamfani ya ba da inci 13 1/8 a gaba, inci 11 11/16 a baya, da sassaucin rubu'in inci sama ko ƙasa. Wato kusan santimita 33 da santimita 30. Ni katako biyu na yanke daidai wannan tsayi, in jingina su kawai in gani, ya fi min tef sauƙi.

Kada ganin bayan ya fi gaba ƙasa ya dame ka, haka aka tsara ta. Mutane da yawa suna ɗaga bayan don ta yi kyau a ido, sai sitiyari ya yi sako-sako, mota ta riƙa yawo a titi, don tsayin baya yana canja yadda tayoyin gaba ke tsayawa. Taka kuma da kusurwa ɗaya ta yi ƙasa, nauyi ya gudu daga gaban dama, ga shi gaban ne ke ja kuma shi ke juyawa. Ina kyautata zaton yawon sitiyarinka daga nan yake.

A hannun bawul akwai noti a cikin ɗan tsagi. Ka sassauta, ka matsa kaɗan, ka ɗaure, ka janye hannunka, ka jira. Kaɗan nake nufi, abin da bai kai faɗin ƙwayar shinkafa ba yana iya ɗaga mota fiye da yadda kake zato. Masu gaggawa suna mance jinkirin nan, su ga ba ta motsa ba su ƙara, sai ta wuce. Ka gyara hagu, dama zai ɗan canja, ka koma ka duba shi. Sannan ka fita da ita ka zagaya unguwa, ka dawo wuri ɗaya, ka tsaya a hankali ba da birki mai ƙarfi ba, ka sake awo. Awon bayan zagaye shi ne na gaskiya, don ƙafar tana maƙalewa in mota na tsaye. Kafin ka fara ma ka ɗura giris a fil-fil ɗin da ƙafafun baya ke juyawa a kai, in sun bushe ba za ka taɓa samun awo ɗaya sau biyu ba.

Gaba kuwa ba iska ba ce, sandunan ƙarfe ne masu murɗewa. Kada ka taɓa notinsu sai baya ya zauna daidai, sau da yawa gaban da kansa yake komowa. In ya ƙi, akwai ƙarfe na musamman da ake sauke nauyin sandar da shi kafin a juya notin. Ba shi, kada a juya, zaren ne zai cinye.

Wata 'yar'uwa, Maraɗi:

Ni ba bakanikiya ba ce, amma Alhaji ka ce ka ga tsage-tsage a robar balan, ba wanda ya tanka. Ba matsala ba ce?

Bakaniken manyan motoci, Kano:

Hajiya, kin yi tambaya mai kyau. Alhaji, ka cika shi ka haska da tocila. In tsagin a fatar sama ya tsaya, zai ɗan ja lokaci. In ka hango zare a ciki, ko wani wuri ya kumbura, kada ya yi doguwar tafiya. Balan ɗaya ne ke ɗauke da tayoyi biyu, in ya fashe gefen gaba ɗaya ne zai zauna a kan titi.

Mai tambaya:

Na haska, a na hagu akwai wuri ɗaya da zare ya fito. Zan yi odar balan biyu da rodi biyu, in zubar da ruwan tanki, in gwada bawul ɗin da hannu kafin in san ko gyara ne ko canji. Baba, in na sa sababbin balan, awon nan na 11 11/16 yana nan yadda yake?

Dattijo mai irin motar, Michigan:

Yana nan, ko wane irin balan ka sa, tsayin shasi ake bi. Abin da zai iya canja lissafin girman taya ne, don an ƙera ta da wili mai inci 16.5, da yawa kuma an mayar da su 16. Ka duba rubutun gefen tayarka ka turo min. In za ka sa balan ɗin, ka ƙara wa kowanne ɗan famfon rufewa da bakin hurawa irin na taya, yadda ko tsarin ya lalace a hanya za ka rufe shi ka hura da famfon mai faci ka ƙarasa gida.