Ruwan rijiyarmu na warin esansi, ya za mu yi?

Ɗan Garin Malam:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah masu sani ku taimaka. Rijiyar gidanmu tun zamanin kakanmu take, bayan katangarmu kuma akwai sitasiyo, gidan mai inda ake sayar da esansi wato fetur, tsakaninmu bai kai taku 40 ba. To tun da ruwan watan 8 ya sauka rijiya ta kawo, in aka jawo guga sai ka ga wani maiƙo mai kala-kala kamar bakan gizo yana yawo a sama, jiya ma Inna ta dama hura ta ce wallahi esansi take ji a maƙogwaro. Na samu jeran ɗin, wato mai kula da sitasiyon, ya ce kuf ɗinsu, tankin man da ke binne a ƙasa, lafiya lau. Kun dai san wahalar ruwa a Damagaram, rijiyar nan ita ce rufin asirinmu da maƙwabta. In mun tafasa ya isa?

Mai Foraj:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ku bar shan ruwan nan daga yau, kar ku dafa abinci da shi, kuma tafasawa ba magani ba ce, tururin ma ku za ku shaƙa. A cikin esansi akwai wani sinadari da ake kira benzen, yana jawo kansar jini, iyakar da hukumar lafiya ta duniya OMS ta sa a ruwan sha mikrogiram 10 ce a litar ɗaya, ka ga ko hanci bai isa ya auna wannan ba, ruwa sai ya wuce iyaka bai yi wari ba balle naku da har ido na gani.

Esansi ya fi ruwa rashin nauyi, in ya zurara daga kuf ko tiyo sai ya kwanta bisa ruwan ƙasa, damina ta zo ruwa ya taso ya kwaso wanda ya maƙale a yashi, shi ya sa yanzu kuka gani. Garinmu kuma kan dutse yake zaune, ai dalilin da ya sa ake jawo mana ruwa daga Gogo Machaya da Arunguza da Ganaram kenan, ɗan ruwan da ke ƙarƙashin gari tsagar dutse yake bi, yana iya tsallake gidan kusa ya ɓullo a na nesa.

Aikin gaskiya shi ne a haƙa ƙananan rijiyoyin bincike aƙalla 3 kewaye da kuf ɗin, ɗaya ta inda ruwan ƙasa ke fitowa, biyu ta inda yake gangarawa, da guda ɗaya ba ka gane alkiblar ruwa. Tiyo mai huda-huda da ake sawa cikin kowace rijiyar ya ratsa saman ruwa daidai, in an nutsar da shi can ƙasa man zai wuce ta sama a ce babu komai. Ana ɗibar ruwan a kwalbar gilashi ta mililitar 40, a cika fal ba kumfar iska, a sa cikin ƙanƙara a kai labo da wuri. Kuma a auna da rani a sake da damina.

Tsohon Pompis:
Mai Foraj ya faɗi gaskiya, ni na yi shekaru ina tsoma sandar awon mai a kuf da asuba. Ka ce jeran ya buɗe littafin, abin da siterni, motar dakon mai, ta sauke, abin da pompo ya sayar, abin da sanda ta nuna, in kullum akwai giɓi to ƙasa ce ke sha. Ɗigo ɗaya duk sakan ya ɗan haura litar 4 a yini, a shekara ya haura litar 1,500, asararsa ce shi ma. Akwai kuma wani man shafawa da muke goga wa bakin sanda, in ya sake kala ruwa ya shiga kuf, inda ruwa ya shiga kuwa mai na fita.

Hajiyar Birni:
Allah ya kiyaye ɗana. Kar ka tafi kai kaɗai, ka samu mai unguwa ku zaga rijiyoyin maƙwabta ku rubuta takarda ɗaya ku kai meri, wato ofishin magajin gari, da ma'aikatar ruwa ta idrolik da ta muhalli, ku riƙe kwafi. Ku rufe bakin rijiyar, kar kowa ya leƙa da ashana ko fitila, yaran da suka sha kuma a kai su likita ya duba.

Ɗan Garin Malam:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun ɗaure guga, yau wajen 'yan ga-ruwa muka sayi bido 6. Maƙwabcinmu na kudu ya ce tasa ma ta fara wari, gobe in sha Allah bayan azahar za mu gidan mai unguwa tare.