Kofin Le Mans na 2018: Toyota ci ta yi, ko tsinta ta yi?

Oga Bakanike: Jiya na sake kallon tseren motoci na awa 24 na Le Mans da ke Faransa, na 2018, kuma ina nan kan bakana: Toyota tsintar kofin nan ta yi. Audi ta fice a ƙarshen 2016, Porsche ta bi sahu a ƙarshen 2017. A babban aji, kamfanin da ya rage da mota mai haɗa fetur da lantarki ita ce kaɗai. Rashin farin wata ne ya sa tauraro ke haske.

Direban Dare: Haba Oga! Kai da ke kwana a ƙarƙashin mota ka fi kowa sanin cewa a Le Mans ba da mutum kaɗai ake kokawa ba, da ƙarfe ake yi. Ka tuna 2016. Nakajima, direban Toyota, na gaba, saura 'yan mintoci a tashi, motar ta mutu a daidai layin gamawa. Wata 'yar mahaɗa ce ta saki a bututun iskar tobo. Porsche ta wuce shi yana kallo. Zagayen ƙarshe ya ɗauke shi sama da minti 11, doka kuwa ta ce kada ya wuce 6, ko suna ba su samu a jerin waɗanda suka gama ba.

Oga Bakanike: To ai ka taya ni magana. Lokacin da akwai maza a fili, ba ta iya ba.

Direban Dare: Porsche ce ta sa mahaɗar ta saki?

Hajiya Mai Lissafi: Ni dai Malam Direba, alƙaluma suna bayan Oga. Motar Toyota mai lamba 8, ta Alonso da Buemi da Nakajima, ta yi zagaye 388. 'Yar uwarta mai lamba 7 na biye da tazarar zagaye 2. Ta uku, motar ƙungiyar Rebellion, zagaye 12 aka ba ta. Kowane zagaye ya haura kilomita 13 da rabi, wato tazarar ta fi kilomita 160. Wannan ba tsere ba ne, rakiya ce.

Ɗan Auta: Gaskiya ne Hajiya, amma a cikin gida an gwabza. An ci tarar Buemi tsayuwar minti ɗaya saboda ya yi gudu a inda aka ce a rage, har lamba 8 ta koma baya da sama da minti biyu. Alonso ne ya karɓi sitiyari da tsakar dare ya dinga cin tazarar nan zagaye bayan zagaye. Na kwana a kan tseren nan, wallahi ba tuƙin wanda aka ba kyauta ba ne.

Oga Bakanike: Ƙanina, kai ƙaunar Alonso ce ta rufe maka ido. Mutumin da aka matsar da ranar tseren Fuji na Japan guda domin kada ta ci karo da tserensa na Formula 1 a Amurka? Ɗan lele ke nan.

Ɗan Auta: Wannan kam na yarda, Yaya, bai yi tsari ba.

Direban Dare: Ina so ku dubi abin da ake mantawa. A 2017 Toyota ta zo da mota uku, Kobayashi ya kafa tarihin zagaye mafi sauri a gwajin neman gurbi, minti 3 da daƙiƙa 14 da ɗoriya. Dare na yi, kulocin motarsa ya ƙone. Dalili? Yana tsaye a bakin fita, wani direba sanye da kaya ruwan lemo ya ɗaga masa babban yatsa don ƙarfafa gwiwa, shi kuma ya ɗauka jami'in hanya ne ya ba shi izinin tafiya. Ya tashi, aka ce ya tsaya, ya sake tashi, shi ke nan. A wannan shekarar saura ƙiris motar ƙaramin aji ta cinye tseren gaba ɗaya, don manyan duk sun lalace ko sun jima a gareji. Don haka a 2018 mota biyu su yi awa 24 ba tare da wata babbar matsala ba, aiki ne.

Hajiya Mai Lissafi: Aiki ne, amma wanda ba a kora ba ya taka mota yadda wanda ake kora ke takawa. Kakar gasar duniya da Le Mans ke ciki ta 2018 zuwa 2019 tsere takwas ce, Toyota ta ci bakwai. Wanda ya rage ɗin, na Silverstone a Ingila, ita ta zo ta ɗaya da ta biyu, sai aka soke sakamakon saboda katakon ƙarƙashin motocin ya saɓa ƙa'ida, Rebellion ta gaji kofin.

Ɗan Auta: Ni wanda nake tausayi su Conway da Kobayashi da López ne, direbobin lamba 7. Le Mans ta 2019 tasu ce, saura kamar awa ɗaya taya ta yi faci, na'ura ta nuna wata tayar daban, aka canza lafiyayya aka bar mai facin. Suka sake zagayawa a hankali suka dawo, lamba 8 ta wuce.

Oga Bakanike: Kun ji ko? Kamfanin da ba ya gane tayar da ta sace, da Porsche na nan sai dai ya ji labarin kofi. Mazda a 1991 ta ci nata ne Jaguar da Mercedes suna fili.

Direban Dare: Mercedes ce ke gaba a ranar, Oga, sai da injinta ya yi zafi ta tsaya Mazda ta wuce. Ita ma tsinta ta yi ke nan?

Oga Bakanike: Bari in sallami mai mota, zan dawo kanka.