Tashin jirgi maras matuƙi a filin wasa

Ga mai son tayar da jirgi maras matuƙi a filin wasa, shawarar da ta fi yawo ita ce a nemi izinin masu shirya wasa da na hukumar sufurin jiragen sama tun kafin ranar. A Amurka, filin da ke ɗaukar mutum 30,000 zuwa sama, an hana tashi cikin mil 3 na ma'aunin teku (kusan kilomita 5.6) daga gare shi, tun awa ɗaya kafin manyan wasanni har awa ɗaya bayan an tashi.

Wasu sun ja kunne kan ratsa saman 'yan kallo, kuma da gaskiyarsu. A 2015 jirgin ɗaukar hoto ya faɗo daf da bayan ɗan wasa Marcel Hirscher a gasar gudun kan ƙanƙara a Italiya, ya tarwatse. Kada ka haura mita 120, idonka kuma ya kasance a kan jirgin.