Tsarabar Okinawa: me zan kai wa mutanen gida?

Amaryar Fukuoka:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mako mai zuwa maigidana zai je taro a Naha, babban birnin Okinawa a ƙasar Japan, ni ma zan bi shi, kwana uku za mu yi. Watan gobe kuma sai Zariya in Allah Ya yarda. Ina son tsarabar da Hajiyarmu za ta ɗaga ta san daga nesa ta fito, ba irin tarkacen filin jirgi ba. Yen 15,000 na ware. Wanda ya san garin don Allah ya taimaka, musamman kan kayan zaƙi, yaran gida sun fi goma.

Abu Sadik:
Wa alaikumus salam. Malama, ki kiyayi chinsuko. Ɗan biskit ne mai gardi, kusan kowane shago a titin Kokusai ya jibge shi a ƙofa, amma da fulawa da sukari da man alade ake yin na asali. Ni kwali uku na saya. Sai da na koma masauki wani abokin karatuna ya juya bayan kwalin, ya ɗora yatsa a kan ラード, wato man alade. Ranar raina ya ɓaci ƙwarai, don har na ci biyu a hanya. Ki riƙa duba wannan kalma da kuma 豚, wato alade. Akwai kuma kek da ake jiƙawa da awamori, giyar tsibirin ce.

Maman Ilham:
Ƙanwata, sayi kokuto. Mazarƙwaila ce sak, ruwan rake da aka dafa har ya daskare, sai dai an fasa ta ƙanana an zuba a leda. Da na kai wa mahaifiyata, ta gutsura ta yi shiru, sannan ta ce ashe Japanawa ma suna yi. A kunun tsamiya ta ƙarar da ita. Ba ta lalacewa da wuri, ba ta da tsada, za ta ishi yaran.

Na Hajiya kuwa, daga titin Kokusai ki taka da ƙafa zuwa Tsuboya, unguwar magina tukwane tun 1682. Kofunan shayinsu masu kauri ne, wasu da zanen kifi a jiki. Guda biyu na saya, na naɗe su a cikin zani na riƙe a jakar hannu har Kano. In kina tsoron fashewa, nemi saƙar minsa, ta auduga ce, adonta gida biyar da gida huɗu a jere, ma'anarsa ƙauna har abada. Suna yin 'yan jakunkuna da ita. Bingata, rininsu mai launi kala-kala, ya fi kyau a idona, amma na gaske zai cinye kuɗinki duka.

Amaryar Fukuoka:
Allah Ya saka da alheri. Wallahi chinsukon ne farko a takardata, na soke shi yanzu. Anti, su zakunan nan na yumɓu da ake sayarwa bibbiyu fa?

Maman Ilham:
Shisa ke nan, masu gadin gida a al'adarsu, ɗaya baki buɗe ɗaya a rufe. Ni ban kai ba, na san Hajiyata ba za ta ajiye mutum-mutumi a ɗakinta ba. Ke kika san taki.