Manhajar hira ga tsofaffi masu ciwon mantuwa: ta ina ake farawa?

Ɗan Manhaja:
Assalamu alaikum. Ana so a ƙera manhaja ta kwamfutar hannu don wani gidan kula da tsofaffi masu ciwon mantuwa a Ingila, domin su riƙa hira da juna da kuma masu kula da su, maimakon wuni shiru gaban talabijin. Tunanin farko shi ne a zuba hotunan iyalan kowa, manhajar ta riƙa tambaya "wane ne wannan?" Hakan ya yi? Me kuma za a kiyaye wajen tsara fuskar na'urar?

Mai Jinya:
Wa alaikumus salam. Malam, tambayar nan ta "wane ne wannan?" a fara cire ta. Jarrabawa ce, kuma wanda aka nuna wa hoton ɗiyarsa ya kasa kawo sunanta, kunya da ɓacin rai za su rufe masa baki.

Duba aikin CIRCA, manhajar hira ga masu ciwon mantuwa, da masu bincike na jami'o'in Dundee da St Andrews a Sikotilan suka yi a farkon shekarun 2000. Ba hotunan gida suka zuba ba, kayan zamanin ne na kowa da kowa: tsofaffin tituna, kayan aiki, waƙoƙi, gajerun bidiyo. Hoton tsohuwar kasuwa ba shi da amsar daidai ko kuskure, duk abin da tsoho ya faɗa a kai hira ce. A ɗebo kayan daga lokacin da mutanen suke tsakanin shekara 10 zuwa 30, don abin da ya faru a wannan tsakanin ya fi zama daram a ƙwaƙwalwa. Wanda aka haifa a 1940, ka nemo masa na 1950 zuwa 1970. Sannan mutum biyu ke zama gaban na'urar, tsohon ne ke zaɓa, mai kula yana biye da shi. In ka ƙera abin da za a miƙa wa tsoho a tafi a bar shi, to ka ƙera wani talabijin ne kawai.

Injiniya:
Hajiya ta yi gaskiya. Kan fuskar kuwa, zaɓi biyu ko uku a shafi sun isa. Maɓallin ya kai santimita 2 ko fiye, da tazara tsakani, rubutu baƙi a kan haske, bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 7 zuwa 1 na WCAG, ƙa'idar sauƙaƙa wa masu naƙasa amfani da shafukan intanet. Taɓawa ɗaya kawai: ban da ja da yatsa, ban da danna sau biyu. Yatsan tsoho busasshe ne, gilashin ba koyaushe yake jin sa ba, mai makyarkyata kuma zai danna sau uku a jere. Saboda haka manhajar ta yi watsi da taɓawar da ta biyo baya cikin kamar rabin daƙiƙa. Kada saƙon kuskure ya fito, kada a nemi kalmar sirri. Ka kulle na'urar a kan manhajar da Guided Access, tsarin da ke hana fita daga manhaja, in iPad ce. Komai ya zauna cikin na'urar, don intanet na irin waɗannan gidajen ba ya kaiwa kowane ɗaki.

Mai Jinya:
In hirar taro ake so, kwamfutar hannu ta yi ƙanƙanta, mutum ɗaya ke rungume ta. Shi ya sa Tovertafel na ƙasar Holan, wanda ya fito a 2015, ya zama majigi da ake ratayawa a silin: yana haska ganye ko kifi a kan tebur, hannu na motsawa su ma su motsa, mutane da yawa su kewaye shi.

A kiran bidiyo kuma a ɓoye ƙaramin hoton mai kiran kansa. Wasu ba sa gane fuskarsu, sai su ɗauka baƙo ne ke leƙensu. A yi zaman da hantsi, minti 15 zuwa 20, don ruɗewa kan ƙaru da la'asar sakaliya.

Injiniya:
Ɗan'uwa, kafin ka rubuta komai, zauna da ma'aikatan gidan ka ji wa zai yi caji, wa zai goge gilashin bayan kowane zama, a ina za a ajiye ta. Ka auna da agogo: in daga ɗauko na'urar zuwa fitowar hoton farko ya wuce minti ɗaya, a durowa za ta ƙare.