Kwalba ɗaya ga ogan da zai ajiye aiki

Rahila: Barkanmu da yamma jama'a. Ogan sashenmu zai ajiye aiki ƙarshen wata. 'Yan ofis sun haɗa fam 60 sun ɗora mini sayen kyauta, kuma bakinsu ya zo ɗaya a kan wiski. Ni ko ɗanɗanawa ban taɓa yi ba. Jiya na leƙa shago na tarar kwalabe sun cika bango, na fito hannu rabbana. Haifaffen nan Aberdeen ne, dattijo, ya kusa 65. Wanne zan ɗauka?

Istifanus: Macallan. Magana ta ƙare.

Ladi: Da fam 60? Kai za ka cika mata sauran?

Danladi: Yaya Rahila, mutumin da aka haifa a Aberdeen tun yana saurayi yake shan Scotch, wiskin Sikotland. Ki ba shi abin da bai saba da shi ba, bourbon, wiskin masara na Amurka. Woodford Reserve, ko Maker's Mark mai jan kaki a wuya. Nan Kentaki doka ce, sai masara ta kai kashi 51 cikin 100 na hatsin, kuma gangar katakon da ake ajiye shi a ciki dole ta zama sabuwa fil, an babbake cikinta da wuta. Daga nan zaƙin yake fitowa, ƙamshin banila da sukarin da ya ɗan ƙone. Maker's da alkama da sha'ir suke cike sauran, ba hatsin rai ba, shi ya sa ba ya yaji a baki. Dattijo zai ji daɗinsa.

Ladi: Ranar sallama ce fa Danladi, ba ranar neman faɗa ba. Ɗan Sikotland za ka miƙa wa wiskin Amurka a gaban jama'a?

Danladi: Ki tambaye su a cikin gangar wa suke ajiye nasu. Yawanci tamu ce, wadda muka gama da ita.

Kawu Bitrus: Nan kam yaron ya faɗi gaskiya. Tunda dokar Amurka ta hana a maimaita ganga wajen yin bourbon, sai su sayar, a yo jirgin ruwa da su nan. In ka je Craigellachie akwai wurin maƙeran ganga, Speyside Cooperage, ka tsaya daga sama kana kallo suna kwance su suna sake ɗaurewa. Amma Rahila, 'yata, kafin a kai ga sunan kwalba: me shi mutumin yake sha? Na yi shekaru a bayan kantar otal a Edinburgh, kuma tambayar da nake fara yi wa mai neman kyauta ke nan. Masu shan Scotch kashi biyu ne da ba sa ga maciji, masu son hayaƙi da waɗanda ko warinsa ba sa so. Ki bincika tukuna.

Rahila: Hayaƙi kuma, Kawu? A cikin abin sha?

Kawu Bitrus: Sosai. Sha'ir ake jiƙawa ya yi tsiro, kamar dai yadda ake yi wa dawa in za a yi burukutu, sannan a busar. A wasu wuraren, musamman tsibirin Islay, da peat suke busarwa, wato baƙar ƙasar fadama ta ruɓaɓɓen ciyayi da ake yankawa a shanya a ƙona. Hayaƙin yana kama ƙwayar, ya bi ta har cikin kwalba. Laphroaig, Lagavulin, Ardbeg, duk gefe ɗaya suke a kudancin tsibirin.

Yohanna: Ku yi haƙuri zan yi tsawo, don abin har yanzu yana ci mini rai. Anti Rahila, duk abin da za ki yi, kada ki shiga shagunan nan na 'yan yawon buɗe ido masu rataye da zanen tartan a ƙofa. Bara da zan je gida na so in kai wa surukina abin kirki. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya yi aiki da Turawa, ya san abin nan tun kafin a haife ni. Na shiga wani shago a Edinburgh, mai shagon ya ɗauko mini akwatin katako, ciki an shimfiɗa yadi mai sheƙi, kwalbar kuma ruwanta ja wur har yana neman baƙi. Ya ɗaga ta wajen fitila ya ce in dubi launi, wai launi ba ya ƙarya, wannan ya daɗe a ganga. Na biya kuɗin da ya fi na Glenfiddich mai shekara 15. Na ɗauke ta a hannu har Jos, ban yarda ta shiga cikin kaya ba.

Ranar da aka buɗe, tsohon ya zuba kaɗan, ya shaƙa, ya kurɓa, ya ajiye kofin. Bai ce komai ba sai "an gode, Allah ya yi albarka." Matata ce ta gaya mini daga baya wai ya ce yana ƙona maƙogwaro, kuma da an haɗiye shi ke nan, babu abin da ya saura a baki. Da na dawo na nuna wa wani abokin aikina hoton takardar jikin kwalbar. Ya ce in nemo masa shekaru. Babu. In nemo sunan matatar da ta yi. Babu. An dai rubuta blended ƙanana a ƙasa, wato haɗin wiskin matatu daban-daban. Ashe dokar 2009 ta yarda a zuba wa Scotch kalar karamel, kuma a nan ba dole ba ne a rubuta. A Jamus ne dole sai an rubuta a jikin kwalba. Ashe kuma shekara 3 kawai doka ta nema a ganga kafin a kira shi Scotch. Wato mai yiwuwa ɗan shekara 3 na sayo da kuɗin dattijo, akwatin ne ya cinye kuɗin. Na koma shagon, mutumin ya ce shi bai taɓa ambata shekaru ba, launi kawai ya nuna mini. Kuma haka ne, bai ambata ba. Ya san abin da yake yi.

Ba kuɗin ne ya dame ni ba. Surukina ne, kuma a gaban ƙannensa aka buɗe.

Maman Joy: Ayya Yohanna. Sannu.

Danladi: Da bourbon ka saya da hakan ba ta faru ba. Mu an hana zuba kala kwata-kwata. Kuma in an rubuta straight, aƙalla shekara 2 ne, in bai kai 4 ba dole a faɗi shekarun a jiki.

Kawu Bitrus: Kada dai a ɗauka blended zagi ne. Johnnie Walker Black blended ne, shekara 12, kuma babu mai raina shi. Laifin kwalbar Yohanna shi ne ba ta faɗi komai game da kanta ba. Lambar da kuke gani a jiki ma, ta mafi ƙanƙanta ce a cikin haɗin. In an rubuta 12, babu ɗigon da bai kai 12 ba, ko da akwai na 20 a ciki.

Malam Sani: Assalamu alaikum. Tun ɗazu ina karantawa ina haƙuri. Rahila, ke da bakinki kin ce ba kya sha. Me zai sa ki ɗauki nauyin sayen abin da ba kya sha ki miƙa wa wani? A wurinmu mai saye da mai ɗauka da mai miƙawa duk an haɗa su da mai sha. Na san addininmu ba ɗaya ba ne, amma shawara kika nema. Ki saya masa hular ulu ta Harris Tweed, ko ki sa a kawo miki jakar fata daga Kano. Zai riƙe ta shekara da shekaru, kwalba kuwa wata ɗaya ta ƙare.

Istifanus: Malam, an tambayi wanne, ba a tambayi ko ya halatta ba.

Malam Sani: Ni ma ɗan zauren nan ne, Istifanus. Ko sai mai sha ne ke da baki?

Maman Joy: Ni ina bayan Malam. A cocinmu ma in aka gan ka da kwalba sai dattawa sun zauna da kai.

Ladi: Mama, kuɗin ba nata ba ne, na mutum goma sha ne, kuma su suka zaɓa. Aike ne aka yi mata.

Rahila: Na gode Malam, na ji kuma ban raina ba. Jakar fatar ma zan ba shi daga aljihuna, don ya riƙe ni kamar 'yarsa tun da na zo. Amma na ofis sai na cika musu.

Malam Sani: To madalla. Ki yi mini magana ta gefe, ƙanina yana zuwa daga Kano.

Istifanus: To Jack Daniel's fa? Kowa ya san shi.

Danladi: Wannan na Tennessee ne, daga Lynchburg. Suna tace shi ta cikin gawayin itacen maple kafin ya shiga ganga, kuma su da kansu ba sa kiran shi bourbon. Na haɗawa da Coke ne, ba na sallamar oga ba.

Ladi: Ni dai Laphroaig 10 nake so, duk wanda zai ji haushi ya ji. Warin asibiti da bakin teku, amma in ka jure kurɓa biyu sai zaƙi ya fito daga ƙasa. Sarki Charles ma tun yana yarima, a 1994, ya ba su hatiminsa.

Yohanna: Ladi, mijinki ya buɗe shi a gidanku ranar Kirsimeti har yara suka fita tsakar gida.

Ladi: Ƙarya kake, wasa suka fita.

Rahila: Kawu, wani shago a nan suna ba da ɗanɗano kafin a saya. Tunda ba na sha, akwai amfanin in je?

Kawu Bitrus: Ki je. Hanci ya fi baki aiki a wannan harka. Masu haɗa wiski a manyan kamfanoni ma yawancin aikinsu da hanci suke yi. Ki ce su zuba miki a kofin nan mai faɗin ciki da tsukakken baki, Glencairn. Kada ki cusa hanci ciki, zafin barasar zai toshe miki komai. Ki riƙe shi ƙasa da hanci kaɗan, baki a ɗan buɗe, ki shaƙa a hankali, ki janye, ki sake. Sai ki ce su ɗiga ruwa, ɗigo biyu uku, ki sake shaƙa. Za ki ji ya buɗe. Wanda ya kwana a gangar bourbon za ki ji zuma, banila, wani lokaci tuffa. Wanda ya kwana a gangar sherry, giyar inabin Sifen, za ki ji dabino da busasshen inabi da ɗan kanumfari. Mai hayaƙi kuwa ba sai an gaya miki ba.

Ki kuma dubi ƙarfinsa. Kashi 40 shi ne mafi ƙanƙantar da doka ta yarda. In kin ga 46 ko sama, galibi ba a sanyaya shi an tace man da ke ciki ba, kuma man nan shi ke riƙe ɗanɗano a harshe bayan an haɗiye. Abin da surukin Yohanna ya nema bai samu ba ke nan.

Danladi: Ɗigo biyu? Mu ƙanƙara muke sawa, babban dunƙule ɗaya. Ka sha Wild Turkey 101 a watan Yuli a Louisville babu ƙanƙara ka gani.

Kawu Bitrus: Kashi 50.5 ne, kuma garinku zafi. Ka sa. Amma sanyi yana rufe ƙamshi, in gwadawa kake ba ka sa ƙanƙara.

Danladi: Zafin nan ne ma ya sa namu ɗan shekara 8 ya yi nauyin naku ɗan 15. Rani ya tura shi cikin katako, hunturu ya jawo shi.

Kawu Bitrus: Kuma ya sa rabon mala'iku ya fi yawa a wurinku. Nan kusan kashi 2 ne ke tashi daga ganga a shekara.

Maman Joy: Kai Bitrus, ka bar mala'iku a cikin maganar giya.

Kawu Bitrus: Su suka sa sunan, Yaya, ba ni ba.

Rahila: Na samo labari. Na tambayi matar da ta daɗe tana aiki da shi. Ta ce ba ya son mai hayaƙi ko kaɗan, a walimar ƙarshen shekara Glenfiddich yake karɓa. Kuma iyayensa 'yan wajen Huntly ne.

Ladi: Shi ke nan, Laphroaig ya faɗi.

Kawu Bitrus: Huntly kika ce? To Allah ya kawo miki sauƙi. GlenDronach 12. Matatar tana nan kusa da Huntly, tun 1826 take, a gangar sherry suke ajiyewa, kashi 43, babu hayaƙin da zai dame shi. Ya fi Glenfiddich 12 nauyi da duhu, kuma launin nasa ne, ba a zuba kala ba. Mutumin da ya tashi a wannan yanki yana ganin sunan zai san an yi tunani kafin a saya. In ba ki samu ba, Glen Garioch 12 na Oldmeldrum, wanda ya ma fi kusa da ku, amma shi kashi 48 ne, sai ya ɗiga ruwa.

Yohanna: Ni da Glenfarclas 15 zan ce. Iyali ɗaya ke riƙe da shi har yau.

Istifanus: Zai wuce kuɗinta.

Yohanna: Kai da ka fara da Macallan?

Danladi: Ku dai duba Four Roses Single Barrel kafin ku yanke.

Ladi: Rahila, kar ki bari sai dare, ƙarfe 10 shaguna ke daina sayarwa. Kuma wai asabar ɗin nan a gidan wa ake haɗuwa? Maman Joy ta ce nata, Yohanna ya ce nasu.

Maman Joy: Nawa ne. Na riga na jiƙa shinkafar masa, kuma kowa ya bar kwalbarsa a gida.

Danladi: Kawu, in Emmanuel zai zo nan watan gobe ka ba shi Springbank 10 ya taho mini da shi, zan turo kuɗin.

Kawu Bitrus: Ni kaina nema nake. Ana sauke shi a shago yake ƙarewa, sai dai in wani zai gangara Campbeltown.