Abin da malamai suka ce kan kulob ɗin turanci

Na tattaro shawarwarin da malamai suka bayar kan yaran da suka iya rubuta turanci amma da an ce su tashi su yi magana sai baki ya mutu. Kusan kowa ya yarda matsalar ba rashin ƙwaƙwalwa ba ce, tsoron dariya ne, yaro ya ce "fiful" maimakon people aji ya fashe da shewa, shikenan ya kulle bakinsa har ya gama sakandare. Wani ya tuna mana cewa ko jarrabawar furuci ta WAEC a Najeriya ba da baki ake yinta ba, zaɓin amsa ne kawai, to ina yaro zai koyi buɗe baki?

Shawarar da ta fi yawa: a buɗe kulob na koyon magana da turanci, ya zama ƙarami, mutum goma zuwa sha biyar, kuma dokar farko ba dariya. Malami kada ya katse yaro yana tsakiyar magana, ya rubuta kuskuren ya gyara a ƙarshe ba tare da kiran suna ba. A fara da abin da suka sani, cinikin tumatir a kasuwa, labarin wasan ƙwallon jiya, kafin a kai ga muhawara ko karanta labarai a asambili.

Batun cin tarar mai yin Hausa an yi ta jayayya, ni dai ina tare da masu cewa a daina, tsoro kawai yake ƙarawa. Wata malama ta ce 'yan mata a fara musu zama nasu daban tukunna.